Rabon Wuƙa

Kawuna mai fiɗa ne a babbar mayankar gari. Ba ya yanka, ba ya sayarwa, aikinsa kawai ya raba saniya da fatarta. Tun yana saurayi aka laƙaba masa suna Aska, sunan ya bi shi har cikin gida, Inna matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Majema, masu sayen fata, sukan ɗaga wadda ya feɗe su duba ta a hasken rana, ba huda, ba tsokar da ta maƙale. Abin da ya mallaka a duniya ke nan: hannu mai tsayuwa, da wuri a dakalin siminti na farko, kusa da famfo, inda ake jawo manyan shanu.

Dakali kuwa ba gadon kowa ba ne. Wanda hannunsa ya fara huda fata, sai a matsar da shi baya wurin awaki, daga can sai wankin tumbi, daga wankin tumbi sai tsintsiya. Kawu ya ga an bi da mutane da yawa ta wannan hanya, ciki har da wanda ya koya masa riƙon wuƙa. Yakan ce shi dai daga dakalin farko sai makabarta.

Na dawo daga karatu a wata ƙasa mai nisa, inda nama ke zuwa a cikin leda da kwanan wata a jiki, na tarar aikin da aka yi mini alkawari bai fito ba. Aka ba ni ɗakin ƙofar gida a wurin Kawu. Da zaman banza ya ishe ni sai na fara bin sa mayanka da asuba. Mahauta suka sa mini suna Bature, suka ce tambayata ta fi ta ɗan sanda, amma suka bar ni in tsaya a jikin ginshiƙi inda jini ba ya fallatsowa.

Wurin dogon rumfar kwano ne, da ƙugiyoyin ƙarfe a jere, da magudanar jini a tsakiya wadda ba ta taɓa bushewa. Tururi yana tashi daga cikin shanun da aka buɗe, rediyon wani yana ta magana ba mai saurare, ungulaye sun jeru a kan katanga kamar masu jiran a kira sunansu. A bakin ƙofa akwai wani ɗan tebur na jami'in gwamnati mai duba nama, wanda kowa ke kira Mai Hatimi. Duk naman da bai buga wa shuɗin hatiminsa ba, ba ya fita kasuwa.

A can na fahimci abin da ke ciyar da gidanmu. Ka'idar wurin ita ce duk abin da wuƙar mai fiɗa ta gyare daga jikin saniya nasa ne, a haɗa masa da yankin hanta. Rabon wuƙa suke ce masa. Da shi Kawu ya raini 'ya'yansa, da shi Inna take yi wa maƙwabta gorin cewa tukunyarta ba ta san kwana ba nama ba.

A shekarar da na dawo rabon ya ƙaru sosai, saboda shanun wani mai kiwon turke da ake kira Mai Garke. Shanunsa sukan zo kamar an hura su, tsoka a murɗe, kitse kaɗan, suna gumi suna rawar jiki a cikin shinge ko da sanyin safiya. Kowa ya san dalili. Akwai wata farar hoda da yake zuba musu a dusa, da allurar da yake yi musu a wuya, maganin da doka ta hana a bai wa dabbar da za a ci. Allurar takan bar ƙullutu a cikin tsoka, mai tauri kamar ƙwallon mangwaro, da ruwa rawaya a zagaye. In Mai Hatimi ya ga wannan ƙullutun, dole ya ce a binne saniyar. Shi ya sa Ciyaman, shugaban ƙungiyar mahauta, yake sa a jawo shanun Mai Garke dakalin Kawu. Hannun Kawu ne kaɗai ke iya zagaye ƙullutun ya ɗauke shi, ya shafe wurin, har ka rantse haka Allah ya halicci wuyan. Yakan yanka da faɗi don kada rawayan ya saura. Abin da wuƙa ta cire kuwa, an san mai shi.

A gida Inna takan ƙwaƙule tsakiyar mai taurin ta jefar, ta wanke sauran da ruwan zafi da gishiri, ta bar shi ya yi ta tafasa. Na taɓa tambayar Kawu ko ba ya tsoron maganin. Ya yi dariya ya ce, "Bature, duk abin da ya shiga tukunya ya tafasa ai ya tuba." Ni ba likita ba ne, hanyoyi da gadoji na karanta. Ni ma ina ci. Wani lokaci bayan abinci nakan ji ƙirjina yana dukan tara-tara, in ce canjin iska ne.

Hanta dai ta maigida ce. Kuma da hannun Kawu ya fara rawa, sai Inna ta hana kowa taɓa ta, ta ce ƙarancin jini ne ke damun sa, hanta kuwa jini ce. Safe da yamma take soya masa.

Ya ɓoye abin iya ɓoyewa. Ya daina miƙa hannu a gaisa sai dai ya dafe ƙirji. Ya ɗaure wuyan hannunsa da robar tayar keke. In yana fiɗa sai ya jingina gwiwar hannu a cinya. Amma fata ba ta rufa wa kowa asiri. Wata safiya wani majemi ya ɗaga fatar Kawu, ya zura yatsa a wata huda, sannan ya kawo idonsa daidai ramin ya leƙo shi ta ciki, ya ce yau ya ga abin da kakansa bai gani ba. Aka kwashe da dariya har dakalin awaki. Wani ya ce Aska ta dakushe. Wani ya ce a tambayi tsoho me yake sha, a samo wa shanu. Bahago, mijin Auta 'yar Kawu ta ƙarshe, wanda Kawu ya koya wa aiki ya kuma samo masa dakali na biyu, bai yi dariya ba. Ya dai sunkuyar da kai yana wasa wuƙa, yana duban famfo ta wutsiyar ido.

Ba a daɗe ba Kawu ya yanke jiki ya faɗi a kan saniyar da yake fiɗa, gumi yana zuba, zuciyarsa tana bugawa har ana gani ta cikin riga. Ni na kai shi asibiti. Likitar, wata mata mai ƙananan shekaru, ta sa aka auna fitsarinsa, domin a makon an kawo mata mutane da irin wannan rawar jiki, dukkansu sun ci hanta a wani gidan abinci. Da sakamako ya fito ta tambaye shi ko yana shan ƙwayar da samari masu ɗaga ƙarfe ke sha don tsoka ta fito. Kawu, wanda ko taba bai taɓa sawa a baki ba, ya juya mata baya. Ta ce to maganin ɗaya ne da wanda ake bai wa shanu a ɓoye, a hanta yake taruwa, kuma wuta ba ta kashe shi. Ta ce doka ta wajabta mata ta sanar da hukumar kula da abinci.

Kawu bai yarda ba. Ya ce yana cin hanta tun kafin a yi auren uwar likitar. Ya yi 'yan kwanaki a gadon asibiti yana cin abincinsu marar nama, hannunsa ya lafa, ya ce ai ƙarin ruwan da aka yi masa ne da hutu.

Mutanen hukuma sun zo mayanka, amma sai da suka aiko da ranar zuwansu. Aka wanke rumfa, aka shafa farar ƙasa a katanga, aka raba wa mahauta fararen riguna da takalman roba waɗanda aka karɓe da yamma. Shanun Mai Garke ba su leƙo ba a makon. Ramammun shanun ƙauye aka yanka, aka ɗebi hantarsu aka auna, aka same ta fes. Gidan abincin nan aka rufe, aka ce a bayan gari yake sayen nama. Sai dai magana ta riga ta fita a rediyo, mutane sun fara ƙaurace wa nama, kuma ga ma'aikacin mayanka guda da aka samu maganin a jikinsa. Babban jami'in hukumar ya ce wa Ciyaman abu biyu ne: ko dai daga naman nan ya samu, a rufe mayanka a binciki kowa, ko kuwa shi ya nemo wa kansa.

Ranar da aka sallamo Kawu, Ciyaman ya zo gida da kansa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a tabarma, yana ta Yaya kaza, Yaya kaza. Ya lissafo bakunan da ke ci daga mayanka, masu fiɗa da masu dako da mata masu wankin hanji. Ya tuna masa cewa in aka buɗe zancen ƙullutu, ba Mai Garke za a fara kamawa ba, shi yana da lauyoyi, wuƙar da ta ɓoye za a nema. Ya ce kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Abin da ake so kaɗan ne: ya ce girma ya zo, ƙarfi ya ragu, ya ɗan nemi taimakon ƙwaya. Kowa ya ga hannunsa yana rawa, ba wanda zai yi musu. Ya ba da haƙuri, a wuce wurin.

Kawu ya ce, "Dakalina fa?"

"Yana nan, Yaya. Bahago ke riƙe maka, ɗanka ne. Ranar da ka gama da mutanen nan, washegari ka zo da wuƙarka."

Bayan ya tafi na ce wa Kawu kada ya yi, maganar likita ita ce gaskiya, kuma suna in ya zube ba ya kwasuwa. Inna ma ta leƙo ta ce ita ba ta auri ɗan ƙwaya ba, ba kuma za a mayar mata da miji shi da tsufa ba. Ya ce mata ta koma ciki. Ni kuma ya ce mini, "In an rufe mayanka kai kana da takarda. Ni wuƙa gare ni, wuƙa kuwa sai da dakali."

A ofishin mayanka aka yi abin, wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya. Jami'ai uku a zaune, Kawu a tsaye da hularsa a hannu, mahauta sun cika tagogi. Wani ƙaramin jami'i ya ɗaga waya yana ɗauka. Kawu ya faɗi abin da aka koya masa. Aka tambaye shi wace irin ƙwaya ce, shi kuwa bai taɓa ganin ta ba. Wani daga taga ya ce ja ce, sai Kawu ya ce ja ce. Aka tambaye shi inda yake saye, ya ce tasha. Aka tambaye shi ko bai ji kunyar furfurarsa ba, ya ce ya ji. Sai mai wayar ya ce ƙarar fanka ta hana muryar fita, a kashe ta, tsoho ya sake daga farko da ƙarfi. Ya sake.

Kafin yamma hoton ya zaga gari. Hukuma ta ce bincike ya nuna naman mayanka lafiyayye ne, matsalar ta wani ma'aikaci ce guda. Jikokinsa suka dawo daga makaranta suna kuka. Maƙwabcin da suka shekara suna zaman benci tare ya fara tuna cewa yana da uzuri a cikin gida. Inna ta daina zuwa ɗiban ruwa sai ta tabbatar ba kowa a bakin famfo.

Washegari da asuba Kawu ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma muka tafi. Mai Hatimi ya tare shi tun a ƙofa. Ya ce saboda abin da ya faru hukuma ta fito da sabuwar doka: duk mai taɓa nama sai da katin lafiya, kuma wanda aka sani da shan ƙwaya ba a ba shi. Aka kira Ciyaman. Ya zo yana tafa hannu yana salati, ya ce wallahi shi ma jiya ya ji, doka ta ɗaure shi, a yi haƙuri a ga abin da hali zai yi. Kawu ya ajiye tsumman a ƙasa, ya miƙa hannayensa biyu a gabansu, tafi a ƙasa, yatsu a baje. Ko motsi ba sa yi. Ya ce su duba. Mai Hatimi yana duban tawadarsa, Ciyaman yana duban agogo. Wani mai dako da ke wucewa da cinyar saniya a kafaɗa ya ce, "Baba ya sha ta safe ke nan."

Ko tsintsiyar ma bai samu ba, don ita ma a cikin ƙofa take. Muna juyawa muka matsa gefe, aka shigo da shanun Mai Garke suna gumi. Daga nan ina hango Bahago a dakalin farko, ya riga ya buɗe famfo.

Na je ofishin hukumar daga baya na faɗi abin da na gani. Wani mutum mai fara'a ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ai mai abin ya amsa da bakinsa, an rufe magana, amma in na samo hujja ƙofarsu a buɗe take.

Kawu ya samu dutsen wasa wuƙa ya zauna a gindin katangar mayanka ta waje. Yaran da ya koya wa aiki suna miƙo masa wuƙaƙensu ya wasa musu. Rabon wuƙa ya yanke, tukunyar Inna ta koma wake. Hannunsa kuwa ya tsaya cak, wata da watanni, kamar na saurayi. Wannan ne ya shigar masa da abin da likita ta kasa shigar masa. Wata rana da yamma yana duban tafinsa ya ce mini, ashe yarinyar nan ta asibiti ta san aikinta. Ni ma tun da nama ya bar gidan ƙirjina bai sake dukan nan ba.

A lokacin Auta tana da cikin fari, ya fara nauyi. Bahago yana ji da ita, kuma yanzu shi ke cire ƙullutun shanun Mai Garke. Kawu ya ce in raka shi gidansu. Muka same ta a tsakar gida a kan 'yar kujera, tana juya hanta a kasko. Ta ce ungozoma ta ce tana buƙatar jini, shi ya sa mijinta ba ya bari kowa ya taɓa hantar, ita kaɗai. Ta ce ba ta samun barci sosai, zuciyarta na yawan bugawa, amma an ce haka cikin fari yake.

Kawu ya tsuguna a gabanta ya gaya mata komai, hodar da allurar da ƙullutun da abin da likita ta ce. Ya ce ta zubar, kada ta sake ci. Ta saurare shi kanta a ƙasa, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Da ya gama ta ce, "Baba, kai fa ka faɗa da bakinka ƙwaya ce. Duk gari an gani."

Ya ce ƙarya ya yi.

"To wanne ne ƙaryar, wancan ko wannan?" Ta share ido da bakin mayafi. "Na san dakalin yana yi maka ciwo. Amma ba shi ya ƙwace maka ba, Baba. Kada ka ɓata masa abincinsa."

Na sa baki na ce ni shaida ne, a gabana likita ta faɗa. Ta ce Yaya Bature ai tun da ya dawo komai na ƙasar nan guba ne a wurinsa.

Kawu ya daɗe a tsugune. Sai ya ce mata yunwa yake ji, rabonsa da nama tun barinsa aiki. Kunya ta kama ta, ta ɗauko faranti za ta ɗibar masa. Ya ce ta kawo kaskon gaba ɗaya. A gabanta ya cinye, da zafinsa, har ya suɗe man.

Tun daga ranar, kullum in Bahago ya aiko da rabo, kafin kasko ya sauka Kawu ya yi sallama. 'Ya ba ta iya hana ubanta abinci, suruki kuma ba ya iya korar sa. Bahago dai ya kai ƙara mayanka, yana cewa ya auri mace an haɗa masa da ungulu, tsoho ba kunya yana cinye abincin mai ciki. Inna ta yi faɗa ta gaji, yanzu in ya fita sai ta juya fuska bango. Hannun ya koma rawa, ya fi na da. Masu kawo wuƙa sun ragu, don ya fara cinye musu bakin wuƙa, kwanan baya ma ya yanke yatsa. Suna cewa ai dama mai hali ba ya fasa halinsa, tsoho ya koma wa jar ƙwayarsa.

Jiya na same shi yana fama da maɓallin riga, na sa masa. Ya tambaye ni, tunda na yi karatu, in mace ta haihu tana shayarwa, abin yana bi ta nono? Na ce ban tabbata ba, amma ina jin yana bi. Ya gyaɗa kai. Ya dubi inuwar katanga ya ga lokaci ya yi, ya ce in miƙo masa hularsa.